Wa Ya Ɗauke Tabulon Jangwada?

Liman bai daɗe da sallame sallar Juma'a ba, mutane na ta laluben takalmansu, sai ga Shu'aibu makanike, wanda ya riga kowa fita, ya dawo a guje, hula a hannu, ƙafa ɗaya ba takalmi.

"An sace! Jama'a, an sace tabulon Jangwada!"

Duk Madarunfa ba wanda bai san Jangwada ba. Tsohuwar motar tsere ce, ja, mai kujera biyu, ba ta da rufi, gajeruwa har cikinta na neman shafar ƙasa, shi ya sa yara suka laƙaba mata sunan ƙadangare. Wani Bature mai awon gyaɗa ne ya bar ta a Maraɗi da zai koma ƙasarsu bayan samun mulkin kai, ta daɗe a gindin itacen bedi kaji na ƙwai a cikinta. Shu'aibu ya jawo ta da shanu, ya yi ta fama da injin har ranar da ta yi tari ta tashi, awakin unguwa suka watse.

Tabulo kuwa shi ne katakon nan na gaban direba, inda agogunan mota suke zaune, da makunni, da ɗan akwatin ajiya ta gefen fasinja. Rana ta cinye shi, ya tsage, ya yi fari kamar diddigen mai kaushi. Shu'aibu ya rantse ba za a ɗauko masa amaryarsa Binta a mota mai irin wannan fuska ba. Ya cire batir, ya kwance sitiyari, ya kwanta rigingine yana zare wayoyi, kowace waya ya ɗaura mata zare mai launi dabam don kada ta rikice masa. Agogunan ya naɗe su da tsumma ya jera cikin ƙwarya kamar ƙwan zabi. Katakon kuma ya kai wa Kanta masassaƙi, suka kankare tsohon shafen da fasasshiyar kwalba, suka cike tsagar da garin itace da ƙaro, suka goge da ganyen ɓaure har ya yi sumul. Sannan suka shiga shafa masa barni, man nan da ke sa katako ƙyalli. Da safiyar Juma'ar nan aka yi shafen ƙarshe, Shu'aibu ya jingina shi cikin sabon ɗakin da ya gina wa amarya, domin nan ne kaɗai ƙura da ƙuda ba sa shiga. Ya ja ƙofa, ya tafi masallaci.

Kafin ka ce me, rabin gari ya cika gidan Shu'aibu. Ana cikin surutu wani ya jefa tambaya: "Wai wane namiji ne ba ya masallaci lokacin nan?"

Sai aka fara kallon juna.

Kanta Ba'azne ne, addinin kakanninsa yake bi. Shi ke sassaƙa wa gari turmi da ƙota da kujerar mata tun ana yara, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Amma ya san inda katakon yake, kuma ba ya salla. Maganar ta kama kamar wuta a karan dawa. Mai gari ya ɗaga hannu ya ce idan Litinin ta yi ba a ga abin ba, dole ya aika a kira jandarma su tafi da Kanta Maraɗi, can su bincike shi. Kafin nan, a kira Ɗan Azumi.

*

Ɗan Azumi mai bin sawu ɗan siririn dattijo ne, bakinsa ya fi jikinsa girma. Yakan ce ya taɓa bin raƙumin sata har Tasawa bayan ruwa ya wanke hanya, kuma duk shekara garin da yake kaiwa ƙara nisa yake yi. Amma ko masu yi masa dariya, in sa ya ɓace, ƙofarsa suke zuwa. Shi da Kanta sun sha farauta tare a dajin Baban Rafi, sun ci daga akushi ɗaya.

Ɗan Azumi ya tsaya bakin ƙofar gidan Shu'aibu ya dubi tsakar gida, ya riƙe baki.

"Shu'aibu, wa ya shigo nan tun da abin ya faru?"

"Baba, ai kowa."

"Kowa da jakinsa, na gani. Ku ja baya! Kai mai jar hula, ɗaga ƙafarka, wataƙila ɓarawon na ƙarƙashinta."

Ya shiga ɗakin. Warin barni na nan bai fita ba. A lungu ga ƙwaryar agoguna, ko taɓa ta ba a yi ba.

"Tsakanin waɗannan da katakon, wanne ya fi daraja a kasuwa?"

"Agogunan mana, Baba, nesa ba kusa ba."

"To wane irin ɓarawo ne zai bar agogo ya ɗauki itace?"

Daga waje wani ya amsa: "Masassaƙi!" Jama'a suka ce ƙwarai kuwa. Ɗan Azumi ya ciji leɓe, ya yi da-na-sanin yin tambayar da ƙarfi.

"Ban da katakon me ya ɓace?"

Shu'aibu ya waiga. "Af! Tabarmar da na shimfiɗa a nan, ita ma babu."

Ɗan Azumi ya bar su ya zaga bayan ɗaki, inda darnin kara ya ɗan buɗe. Nan taron bai taka ba. Ya tsuguna ya daɗe. Sawu biyu ne na mutum ɗaya. Na shiga a kan yatsu aka yi shi, saɗaf-saɗaf. Na fita kuwa diddige ya nutse, taku ya matsu, alamar kaya a ka da sauri a zuci. Ƙafar ƙarama ce, takalmin roba, an ɗaure maɗaurin na hagu da waya, wayar na barin ɗan zane a yashi. Ya bi shi, kansa a ƙasa kamar zakara mai kiwo, har sawun ya faɗa hanyar rijiya, inda ƙafar mata da ta shanu suka tattake komai.

Ya dawo ya ce wa mai gari, "Ranka ya daɗe, ƙafar ƙarama ce. Ta Kanta kuwa ka san ta, faifai guda ce."

"Aika wani ya yi," in ji mai jar hula. Jama'a suka sake cewa ƙwarai kuwa.

*

Ya iske Kanta a ƙofar gidansa yana fafe turmi, gumi na zuba.

"Kama ni ka zo yi, ko fura ka zo sha?" in ji Kanta, bai ɗago ba.

"Duka biyun. A fara da furar."

Da ya sha ya goge gemu, ya ce, "Ina kake lokacin salla?"

"Bakin tabki, ina wanke burushi."

"Wa ya gan ka?"

"Belbela biyu da wani kwaɗo. Je ka tambaye su, kai da kake jin maganar ƙasa."

Kanta ya ɗaga gizagonsa ya ciji ƙarfen, ya ce in shi ya ɗauka kada ƙarfen nan ya bar shi ya ga kaka. Sannan ya ajiye, muryarsa ta sauka.

"Ɗan Azumi, jandarma ba su dame ni ba. Yanzun nan Inde matata ta dawo daga rijiya, ba wadda ta kama mata tulu ta ɗora. Matan da ke daka a turmina! Ko an sake ni a Maraɗi, da wane suna zan dawo?" Ya yi tsaki. "Kuma barnin bai bushe ba. Ko wane ne, ya ɓata mini aiki."

"Wa kake zato?"

"Ban zargi kowa ba. Amma Hassan na garin Ɗan Issa, mai sayar da kayan mota, yau yana gari. Kullum ya ga Jangwada sai miyau ya zubo masa. Kuma ƙafarsa kamar ta budurwa."

*

Da safiyar Asabar Ɗan Azumi ya hau bayan motar gyaɗa zuwa Ɗan Issa. Ya iske Hassan a rumfarsa kusa da tasha, tsakanin tsofaffin tayoyi, ga takalmin roba a ƙafarsa.

"Hassan, ara mini takalminka in gani."

"Baba, tun daga Madarunfa ka zo sayen tsohon takalmi?"

Ya juya shi sama da ƙasa. Sabo ne ful, ba waya ba ɗinki. Hassan ya fahimci inda aka dosa, ya ƙyalƙyale da dariya har ya faɗa kan taya.

"Ni? Ai a sahun gaba na yi salla! Tambayi liman, atishawa na yi ta yi masa har ya harare ni tsakiyar huɗuba. Kuma in zan yi sata, Baba, agogunan zan kwashe, me zan yi da allo mai ramuka?"

Ya sa aka kawo shayi. Suna sha ya ce, "Amma bari in ba ka wata. Ka ce ɗanyen barni ne? To duk wanda ya kama shi, yana nan manne a hannunsa. Ruwa ba ya fitar da shi, sabulu ba ya yi. Sai an wanke da isansi, man mota. Bar duban ƙasa, dubi hannuwa."

Ɗan Azumi ya dawo gida yana murmushi. Da la'asar ya bi majalisa-majalisa yana gaisawa da mutane, kowa ya ba shi hannu sai ya riƙe, ya murza, ya juya tafin yana tambayar lafiyar iyali har da ta kakanni. Ya gaisa da mahauci, ya gaisa da mai gyaran keke, ya gaisa da ladan har sau biyu. Mutane suka fara cewa ko tsohon takarar dapite, wato ɗan majalisa, zai tsaya.

Mai jar hula ne ya gano abin da ake nema. Shi da abokansa suka ruga wurin Kanta suka buɗe hannunsa. Ga barni nan ya bushe a yatsunsa, baƙi-baƙi.

"Ai tare muka shafa jiya da safe!" in ji Shu'aibu, yana ta rantsuwa. "Ga nawa hannun ma, ku duba!"

Ba wanda ya duba. Ɗan Azumi ya koma gida a sanyaye. Tun da ya sa baki a maganar nan, duk abin da ya tono kan amininsa yake faɗawa.

*

Ran Lahadi da hantsi yana zaune gaban ƙwaryar koko ya kasa sha. Matarsa Delu ta fito tana juya hannuwa a rana. Tun daren Juma'a aka sa Binta a lalle, matan dangi duk suka yi ƙunshi.

"Malam, ba ka ce komai ba. Dubi yadda ya kama, kamar jan barkono."

"Ya yi kyau," in ji shi, bai duba ba.

"Ko kallo ba ka yi ba! Hannun ladan ka riƙe jiya har aka yi ta magana, nawa kuwa ko oho. To ni dai nawa ya kama, ba irin na Tani ba. Baiwar Allah, uwar amarya guda, hannun dama ya ƙi sam. Gefe-gefe ya yi ja, amma tafin da cikin yatsu fari fat, kamar an lulluɓe. An sake ƙunsawa jiya, ya sake ƙi. Mata na cewa baki ne ya kama ta."

Ludayin ya tsaya a iska.

"Na hagun fa?"

"Na hagu lafiya lau. Ina kuma za ka? Kokon fa?"

Ya riga ya kai zaure.

*

Tani taubashiyarsa ce, 'yar kawunsa, don haka gidanta ba ya masa shamaki, bakinsa ma ba ya mata. A ƙofar ɗakinta ya ga takalman roba, na hagu an ɗaure da waya. Ya yi sallama ya zauna.

"Ga tsohon banza, ya ji ƙanshin abincin biki," in ji Tani. Dariyar ba ta kai ido ba. Hannunta na dama na cikin zane.

"Ba ni ruwa, kuyangata, in sha."

Ta miƙo masa kwanon da hagu.

"Yaushe kika fara ba manya ruwa da hagu?"

Ta tsaya. Ta leƙa tsakar gida, ta saki labule. Sannan ta zaro hannun ta buɗe masa, ta zauna a ƙasa.

"Don Allah, Ɗan Azumi, rufa mini asiri."

Labarin ya fito a guntu-guntu. Binta ce 'yarta ta fari, wadda ko sunanta ba ta kira don kunya. Uban ya rasu, ita kaɗai ta rene ta. Kowa ya sani uwa ba ta taka gidan suruki, ba ta raka ɗiyarta, ba ta ganin ɗakin da za a kai ta. Amma zuciya ta ƙi kwanciya.

"So nake kawai in ga inda yarinyar nan za ta kwana. Ko rufin na zuba, ko ƙofar na kallon iska. Na ce lokacin salla ba namiji a gari, in leƙa in fito. Ɗaki ya yi kyau, wallahi yaron nan ya yi ƙoƙari. Sai na ga wani abu a jingine yana walƙiya, har fuskata na gani a ciki. Na ce wannan ruwa ne ko madubi? Na ɗora hannu."

"Ya kama ki."

"Ya kama ni kamar danƙo! Na fizge, sai ga hannuna a kai, yatsu biyar reras. Hannuna, Ɗan Azumi, a ɗakin surukina! Na ce in kai gida in wanke in maido kafin a sallame. Na sa ruwa, ya ƙi. Na sa sabulu, ya ƙi. Na gwada toka a gefe ɗaya, wurin ya yi fari. Ina cikin haka na ji ihu."

Ta jawo naɗaɗɗiyar tabarma daga ƙarƙashin gado ta buɗe. Ga tabulon Jangwada, ja-ja kamar zuma, zanen kaba ya ɗan kwanta a jikinsa, kusurwa ɗaya ta yi furfura. A kan murfin akwatin ajiya kuwa ga tafin hannu, har layukansa ana gani.

Ɗan Azumi ya so ya yi dariya, ya haɗiye ta da ƙyar.

"Gobe za a tafi da Kanta," ya ce.

"Na sani! Tun ran nan abinci bai wuce mini ba. Turmin da za a kai wa yarinyar nan ma shi ya sassaƙa, ya ce gudummawarsa ce. Amma in aka ji ni ce, da wane ido zan dubi gari? Dangin miji su ce uwar amarya ta shiga ta bayan darni ta yi sata? Auren ma sai ya tashi."

Ya daɗe yana murza gemu.

"Ba zan kira sunanki ba, Tani. Kuma ba zan bari a tafi da Kanta ba."

"To yaya za ka yi?"

"Oho. Ni sawu na iya bi. Wannan kam ba a koya mini ba."

*

Ran Litinin da safe aka taru ƙofar mai gari. Kanta na zaune gefe shi kaɗai, ya ɗaura ɗan ƙunshin tufafi don tafiya. Hassan ya zo daga Ɗan Issa, wai ba zai bari a ba shi labari ba. Shu'aibu ya rame kamar ba shi ne ango ba. Mata sun cika bayan katanga suna leƙe.

Ɗan Azumi ya miƙe ya gyara riga. Ya ce Hassan ba shi ba ne, liman shaida ne. Liman ya ce ƙwarai, har yanzu bai yafe atishawar ba. Ya ce Kanta ma ba shi ba ne, barnin hannunsa na aiki ne.

"Ranka ya daɗe, na ga katakon da idona, yana nan lafiya. Wanda ya ɗauka ba sata ya yi niyya ba. Yau za a maido shi. Ina roƙon a bar maganar nan haka."

"Wane ne?" in ji mai gari.

"Na yi alkawari ba zan faɗa ba."

Wuri ya kaure. Mai jar hula ya fi kowa murya: "Amininsa yake rufa wa asiri! Kanta ya ji tsoro zai maido ta bayan gida!"

Mai gari ya girgiza kai. "Ka ji dai, Ɗan Azumi. Ko katako ya dawo, in ba suna, sunan Kanta ne zai zauna a bakin mutane."

Ɗan Azumi ya dubi Kanta, Kanta na duban ƙasa. Har ya fara tunanin ya ce shi ya ɗauka da kansa, sai ya ji mata sun yi tsit a bayan katanga.

Tani ce tafe, lulluɓe da mayafi, naɗaɗɗiyar tabarma a ka. Ta ratsa taron, ta sauke a gaban mai gari, ta durƙusa ta gaishe shi. Da ta hango inda Shu'aibu yake, sai ta juya masa baya. Shu'aibu ya zabura ya tuɓe takalmi, ya tsuguna, shi ma ya juya mata baya. Tsakaninsu bai fi tsawon tabarma ba.

"Ɗan Azumi," in ji Tani, "gaya wa mai gari, bawan Allahn nan Kanta bai ɗauki komai ba. Ni ce." Ta ɗaga farin tafinta sama. "Kuma gaya wa yaron nan, ɗaki na je gani, ba kayansa ba."

Ɗan Azumi ya juya ga Shu'aibu, ya yi gyaran murya. "An ce in gaya maka—"

"Baba, gaya wa Inna," in ji Shu'aibu, yana magana da katanga, "ɗakin nata ne, motar ma tata ce. In tana son injin in kwance mata yanzu."

"Gaya masa me zan yi da inji? Gaya masa dai ya ƙara jinka ta gabas, na ga haske na shigowa."

"Gaya wa Inna yau-yau za a ƙara."

"Ku dakata mana!" in ji Ɗan Azumi, yana juyi tsakaninsu. "Ni kaɗai ne, ku riƙa bari ina isar da saƙo!"

Mai gari ne ya fara. Ya toshe baki da hannun riga, kafaɗunsa na rawa, daga nan dariya ta ƙwace masa. Taro ya ɗauka, mata suka rangaɗa guɗa daga bayan katanga. Gwaggon ango da kanta ta fito ta kama Tani ta rungume, tana cewa ita ma lokacin auren ɗiyarta ta leƙa, sai dai ita ba ta taɓa komai ba.

Da dariya ta lafa, mai gari ya kira Kanta gabansa. Ya ce gari ya yi masa laifi, a gaban kowa aka ɓata shi, a gaban kowa za a wanke shi. Mai jar hula ya zo ya tsuguna, hular a hannu. Kanta ya bar shi ya daɗe a tsugune, yana buɗe tabarma yana duba katakon ta kowace fuska.

"Toka," ya ce, cikin takaici. "Toka a kan barni! Tashi, kai kuma, ka tare mini haske."

"Me kake so a yi maka?" in ji mai gari.

"Abu biyu, ranka ya daɗe. Matan da suka ƙi ɗora wa Inde tulu su je su gaishe ta. Sannan ran da aka maida katakon nan, ni za a fara ɗauka a Jangwada, a zaga da ni kasuwa, kowa ya gan ni."

*

A ranar suka koma aiki, Ɗan Azumi na zaune kan turmi yana ba da umarnin da ba wanda ya nema. Kanta ya bi zanen kaba da ganyen ɓaure a hankali har ya kwanta, ya goge kusurwar da toka ta ci. Da ya zo kan murfin akwati ya ɗaga kwalba zai kankare, Shu'aibu ya riƙe masa hannu.

"Baba Kanta, bar wannan."

"Aibi ne fa a aikina."

"Inna ba za ta raka ta ba. Bari hannunta ya raka ta."

Kanta ya dube shi, ya ajiye kwalbar. Suka shafa sabon barni a kai, siriri, suka rufe ɗakin, Ɗan Azumi ya toshe kafar darni da ƙaya, wai saboda sauran surukai. Da ya bushe, Shu'aibu ya sake kwanciya rigingine, jan zare ga jan zare, shuɗi ga shuɗi, agoguna suka koma ramukansu, aka ɗaura sitiyari. Ya murɗa makunni, allurai suka yi tsalle.

Kanta ya sha zagayensa na kasuwa, gwiwoyi har haɓa, ya ƙanƙame ƙofa, yana ɗaga wa mutane hannu ɗaya yana kiran sunan kakanninsa. Ran Alhamis da yamma kuma Hassan ya ja motar zuwa ɗaukar amarya, 'yan mata na waƙa a baya, Ɗan Azumi na gaba yana korar awaki. Aka zaunar da Binta lulluɓe, tana kuka irin na amare. Tani ba ta fito ba, kamar yadda aka saba.

Rana ta yi gora-gora, haskenta ya faɗa kan katakon, tafin ya fito daga ƙarƙashin ƙyallin. Ɗan Azumi, da ke tsaye dab da ƙofa, ya ga jan hannu ya fito daga mayafi a hankali, ya kwanta a kansa, yatsa kan yatsa. Kukan ya tsaya.

"Amarya!" in ji Kanta daga cikin taro. "A hankali da katakona, danginku hannunsu ba ya jin magana!"

Daga cikin mayafi aka ji dariya ta kuɓuce. Hassan ya sa giya, Jangwada ta yi tari, ta ɗauki hanya.